Kunkuru Biyu a Bayan Randa

Ranar Talata, sha huɗu ga Oktoba, 1958, gari ya waye a Mainika da raɓa mai nauyi da hadarin da babu ruwa a cikinsa. Maza sun fita cirar gyaɗa. Marka tana durƙushe a ɗakinta da tsumma, tana goge kashin kunkuru daga kan daɓe.

Ɗakin Marka abin kwatance ne a unguwar. Daɓe sumul, tasoshi a jere suna ƙyalli, randa rufe da faifai. Amma tun da yaron gidan ya tafi Kano aikin awon gyaɗa ya bar wa Sauda kunkurunsa biyu, kullum sai sun ratso tsakar gida sun lafe a bayan randar Marka.

Sauda yayar mijin Marka ce, ta dawo gidan da zama tare da yaron tun rasuwar mijinta. Ita aka ba amanar. Marka tana bakin murhu ranar da ya yi sallama, ta ji da kunnenta: "Inna, kada a ɗaure su, kada a kife su. A bar su su yi yawonsu." Inda Marka take kuwa ko kallo bai yi ba. Ita ma ba ta ɗago ba.

Duk wata sai wasiƙa ta zo, wani lokacin har da turmin atamfa. Sauda takan sa a karanta a tsakar gida da ƙarfi, tana katse mai karatun. "Lukuman ɗina ke nan! Sake faɗa mini wurin nan." Yabon innarsa yakan cika takarda gaba da baya. Sai can ƙasa layi guda: a gaida mutanen gida. Marka takan tsartar da yawu ta wushiryarta, ta ci gaba da tuyar ƙuli-ƙuli har ya yi baƙi.

Da hantsi duba-gari ya shigo. Ya buɗe randar Marka, ruwa garau. Ya leƙa bayanta, sai ga kunkuru biyu a kan ganyen rama ɗanye da ɓawon kabewa an yanka ƙanana.

"Wannan ɗakin mutum ne ko turke?" in ji shi. "In na dawo na same su a sake, sai gaban alkali."

Sauda ta riƙe baki. "Ni na rasa abin da suke nema a ɗakinki, Marka, ke da ko sunan mai su ba kya son ji. To an gama."

Kafin la'asar Sauda ta sa Sajo maƙeri ya huda gefen ƙoƙon kowanne da basilla. Ta zura igiya, ta ɗaure su a ƙafar gadonta, ta saki asabari. Wasiƙa tata, atamfa tata, yanzu har ƙarar jan cikinsu a kan daɓe ta koma tata.

Marka ta share bayan randa, ta sake sharewa. Ɗakin bai taɓa yin tsabta haka ba. Ta kasa zama a cikinsa.

Washegari ta ɗauki tiren ƙuli-ƙuli ta nufi Gwarzo. Ba ta tsaya talla ba sai gaban teburin Malam Jibirin mai rubuta wasiƙa, baƙo ne a garin, bai san kowa a Mainika ba. Bayan gaisuwa ta zauna a gefen tabarma.

"A ce masa innar tasa da yake yabo ta huda su ta ɗaure. A ce masa ya zo ya gani da idonsa."

Malam Jibirin ya ajiye alƙalami. "Baba, wannan ai haɗa ɗa da uwa ne."

"Rubuta dai, Malam."

Ya rubuta. "Daga wa?"

"Daga mutanen gida."

"Zuwa ga wa?"

"Yaron nan na wajen Sauda. Yana wurin awon gyaɗa. Dogo ne, mai wushirya."

Ya yi dariya. "Gidan waya ba ya kai takarda ga wushirya, Baba. Suna za ki ba ni."

Marka ta dubi gabas ta dubi yamma. Babu ɗan Mainika ko ɗaya a kusa. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta sunkuya ta faɗa can ƙasa-ƙasa, har sai da ya ce ta maimaita.

Da hannunta ta jefa ambulan ɗin a akwatin gidan waya, ta tsaya har ta ji ya faɗi. Tana tafe a hanyar Mainika tana juya sunan a bakinta kamar baƙon abinci. Ɗan fari ne, ba a kiransa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ran yaye kuma aka miƙa wa Sauda. Yau ce ranar farko da Marka ta ce "Lukuman" tun da ta haife shi.