Sunan Ɗan Fari

Tun da kotu ta koma cikin waya, ba a ba da beli sai uwa ta ambaci sunan ɗanta da bakinta. Inna Tabawa kuwa ɗan farinta aka kama, wanda kunya ba ta taɓa barinta ta kira sunansa ba.

"Faɗi sunan wanda ake tsare da shi," in ji muryar kotun.

"Yaron nan dai."

"Babu wannan suna."

Ƙaninta Sallau ya dafe kai. "Haba Yaya! Inji ne fa, ba surukinki ba. Faɗi!"

"Mai sunan Malam," ta ce a hankali.

"Dama ta ƙare. An hana beli."

Sai a lokacin bakinta ya buɗe. "Habu! Habuna!"

Muryar ta ce, "Na gaba."