Wa Ke Duba Wa?

"Ci gaba, 'yata, ina jin ki," in ji dattijuwar, tana tura mata kwalin tishu.

Budurwar ta fyace hanci. "Mama, barci ya gagare ni. Ga karatun digiri na biyu, ga zirga-zirgar asibiti. Idan na faɗi jarrabawa, da wane ido zan kalli Babana?"

"Kina cin abinci kuwa?"

"Sai in na tuna."

"To, daga nan za mu fara."

Hira ta yi daɗi, har budurwar ta soma dariya. Sai aka turo ƙofa. Malaminta ne, wanda tun ɗazu yake kallonsu ta bayan gilashi.

"Ke fa ce mai koyon duba masu damuwa," ya ce wa budurwar. "Wannan baiwar Allah ita ce marar lafiyar. Jarrabawar ke nan!"

Budurwar ta daskare a kujera.

Dattijuwar ta gyara mayafi. "Likita, kada ka kayar da ita. Tun rasuwar maigidana ban ji ina da amfani ba sai yau." Ta dubi budurwar. "Mako mai zuwa ki karya kumallo kafin ki zo."