Baiti na Uku

Mai jitar ƙungiyar farko ya sake kuskure, Badaru ya ja tsaki.

Yara ne daga Gwarinpa, gashi a tsaitsaye, ihu kamar an taka musu ƙafa. Kiɗan rok suke yi, wai. Badaru ya sha faɗin cewa in ba ka iya rage sauti ba, to ba ka iya ƙure shi ba. Ya gyara hular hana-sallarsa, ya matsa bayan wata bishiyar mangwaro, nesa da masu ɗaukar hoto da waya. Shi sauraro ya kawo shi.

Lambun shaƙatawar nan na Wuse bai taɓa cika haka da la'asar ba. Ma'aikatan ma'aikatu da ɗalibai, har da matan da a da ba sa ko leƙo wurin. A jikin dandamali an rataye hoton Ammar, mai jitar ƙungiyar Tsatsa, wanda 'yan bindiga suka tare a hanyar Bwari kusan wata guda ke nan. Sun ba matarsa Sumayyah wa'adi zuwa Litinin ta kawo kuɗin fansa. Wasan yau na karo-karo ne, ko a samu a fanso shi da rai.

Tana zaune a gefen dandamali, baƙin mayafi, idanu sun faɗa. Waya na hannunta, ta ƙi ajiyewa ko na ƙiftawar ido.

Ƙungiya ta biyu ta ɗan fi. Wata budurwa ce ke jan waƙa da Turanci da Gwari, mai gangarsu kuma yana da nutsuwa. Badaru ya tafa musu, tsakani da Allah sun cancanta. Amma ina! Duk Abujar nan babu mai taɓa jita ta yi magana irin Ammar.

Shi fa ba yau ya fara ba. Tun Tsatsa na wasa a gaban mutum goma da kujeru wofi yake bin su. Ya san wayar jitar da Ammar ke yawan tsinkewa, ya san yadda yake cije leɓe kafin ya shiga amshi. Sau nawa yana tsayawa a bakin ƙofa bayan an tashi, don dai ya ga fitarsa? Hatta hanyar da yake bi ya koma gida Ushafa ya sani.

Wani mai yawo da kwalin taimako ya tsaya a gabansa.

"Oga, don Allah a saka wani abu. Kowa da abin da zai iya."

Badaru ya zura hannu a aljihu ya saka, bai ko duba ba. Mutumin ya kalli jar lakar da ta bushe a takalminsa, ya ce, "Kai, daga nesa kake. Allah ya saka."

"Amin," in ji Badaru. Muryarsa ta dushe, ya kwana biyu bai yi barcin kirki ba.

Sai Tsatsa suka hau. Enoch ya zauna kan ganguna, Nabilah ta riƙe makirfo da hannu biyu. Jitar Ammar suka jingine a kan kujerarsa, babu wanda ya taɓa ta. Wani mai jita suka samo aron hannu, yana ta ƙoƙari, amma sauri yake yi. Badaru ya girgiza kai. Ba haka ake bi da waƙoƙin nan ba, a hankali ake jan su, kamar mai gudun kada ya tashi wani daga barci.

Da suka zo ta ƙarshe, wurin ya yi tsit. "Hanyar Gida" ce, sabuwar da Ammar ya saka a intanet ana saura kwanaki a ɗauke shi. Kowa ya haddace ta. Nabilah ta fara, jama'a suka karɓa, wasu na kuka a fili ba kunya.

Abin ya taɓa Badaru ƙwarai. Wallahi ya taɓa shi. Ya baro gindin mangwaron bai sani ba, ya kutsa har gaba, kusa da sifika, inda kiɗa ke dukan ƙirji. Ya rufe ido. Baiti na farko ya wuce, amshi, baiti na biyu. Hawaye na bin gemunsa, yana rerawa da dukkan ƙarfinsa, ya manta da hula, ya manta da wayoyin da ke sama.

Enoch ya ɗaga sandunansa. Kiɗa ya yanke. Nabilah ta sunkuyar da kai, jama'a suka yi shiru tare da ita, don girmama mai kujerar.

Murya ɗaya ce ba ta tsaya ba.

"Sumayyah, kar ki sayar da jitata,
ki bar min ƙofa, ina tafe,
ƙafa ce ta kumbura, ba zuciya ba..."

Ya kai tsakiyar layi na huɗu kafin ya ji cewa shi kaɗai ne. Ya buɗe ido. Nabilah na kallonsa baki buɗe. Enoch ya riga ya miƙe tsaye. Sumayyah ta taso a hankali, wayar ta suɓuce daga hannunta, ta tako har bakin dandamali.

"Bawan Allah," ta ce, "a ina ka ji wannan?"

Badaru ya waiga. Mutane sun cike bayansa, babu ko inda zai sa kafaɗa.

Baiti biyu kacal Ammar ya rubuta kafin a tare shi. Na ukun shekaranjiya ya ƙarasa shi, a ƙarƙashin wani dutse cikin dajin Bwari, ɗaure da sarƙar da makullinta ke aljihun Badaru.