A Ƙarƙashin Motar Sojoji

Igwa na tashi, tela bai san lokacin da ya shige ƙarƙashin motar sojoji ba, hula can, takalmi can. Shi ne fa ya jawo saurayin 'yarsa ranar da aka buɗe wa jama'a bariki, wai zai gwada zuciyarsa, don shi ba ya haɗa zuri'a da matsoraci.

Yana kwance yana sauraron dariyar mutane, sai ga saurayin ya rarrafo ciki da hular a hannu.

"Baba," ya ce da ƙarfi don kowa ya ji, "ashe kai ma ka lura mai yana zuba?"

Tela ya dubi ƙasa, busasshiya ƙayau. Ya karɓi hularsa, ya rage murya.

"Turo magabatanka."