Gawon da Aka Kusa Sarewa

Wani mutum ne aka haifa can ƙasar Kurmi, inda ruwa ke zuba kusan wata tara a shekara, itatuwa sun haɗe kai har rana sai ta yi da gaske take taɓa ƙasa. A can ya yi wayo, a can ya koyi noma, kuma abin da ya sani shi ne duk itacen da damina ta samu tsirara, to ya mutu. Da mahaifinsa ya rasu sai ya kwaso iyalinsa ya dawo arewa, ya gaji gona ɗaya tak, jigawa mai rairayi, ita ce kuma abincinsu na shekara. Ruwan shuka ya sauka, ƙasa ta yi kore shar, sai ga wasu manyan itatuwa uku a tsakiyar gonar sun zubar da ganye ƙaf, ba komai sai ƙaya da farin reshe. Ransa ya ɓaci, ya ce lalle tsohon nan ya bar masa aiki. Ya wasa gatari, ya ɗaga ke nan sai ya waiga gonakin maƙwabta. Kowace gona da irin wannan matacce a tsaye, alhali ga mata can suna dawowa daga nesa da ɗan guntun itacen girki a ka. Ya ce a ransa, ba dai garin nan duka malalata ba ne. Da ƙyar ya haɗiye girman kai, ya tsallaka wurin wani dattijo mai noman gyaɗa ya tambaye shi. Dattijon ya yi dariya har fartanya ta kuɓuce masa, ya ce, "Ɗan Kurmi, gawo ne fa. Barci yake yi. Mayar da gatarinka gida, mu haɗu da kaka."

Damina ba ta yi kyau ba a shekarar, ruwa ya ɗauke da wuri. Geron da ke fili ya tsaya iya ƙugu, amma na gindin gawo ya fi mutum tsawo, domin ganyen da ya zuba ya zama taki, kuma babu inuwar da ta tare masa rana. Daga ƙarƙashin itatuwan nan uku ya ɗaure dammunan da suka kai gidansa wata daminar. Da rani ya tsananta, sauran itatuwa suka bushe, sai gawo ya tofo, awakinsa suka yi ta cin 'ya'yansa suna ƙiba. Mutumin nan ya zauna a inuwar yana duban wurin da ya so ɗora gatari, kunya da godiya suka cika masa ciki. Kurmi da tata ɗabi'ar, jigawa da tata, Wanda ya shimfiɗa su bai yi su iri ɗaya ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, matambayi ba ya ɓata.