Bakin Tunkiya

Tun da aka maƙala wa kowace tunkiya ɗan kunne mai auna jini, doka ta hana ba da magani sai ya yi ja. Na tunkiyar da nake tatsa kore ne shar. Amma ga bazara, ga tsohon ciki, har dusa ta daina ci. Ina zargin masu ƙera ɗan kunnen da damina suka gwada abin nasu.

Na kai ta wurin Nafi'u, malamin dabbobi.

"Lafiyarta lau, Inna."

"Ɗan nan, shinshina bakinta."

Ya sunkuya yana dariya, ya ɗago a hankali. "Kamar ruɓaɓɓen mangwaro!"

"Tagwaye ke cinye ta. Ba a koya muku ba?"

Ya leƙa waje, ya cusa min magani cikin mayafi.

"Inna, gobe kawo min mai lafiya in ji bambancin."