Battar Turaren Gidan Hatano

Kyanwa ce ta tunkuɗa battar turaren cikin murhu, kafin Fumie ta ciro ta rabinta ya zama gawayi. Battar ta sassaƙaƙƙen itace ce mai jan shafe, gadon kakannin gidan Hatano, kuma saboda ita ake girmama ɗakin shayin da marigayi mijinta ya bar mata. Tokuji, yayan mijin, ya daɗe yana neman dalilin karɓe ɗakin. Ga shi kuma zai zo shan shayi a lokacin kaka.

Da kunya da tsoro ta nufi shagon tsoho Isokichi, masassaƙi a garin Kamakura, ta miƙa masa hoton battar.

"Baba, ka rufa mini asiri, ka sassaƙa mini irinta."

Ko kallon hoton bai yi ba. "Je ki, 'yata. Sai dai shafen sabo ne, yakan sa ƙaiƙayi."

Ranar ta zo. Aka sha shayi, aka kai lokacin da baƙo ke duba kayan mai gida ɗaya bayan ɗaya. Tokuji, wanda ko a tuwon biki sai ya samo tsakuwa, ya durƙusa ya ɗauki battar da hannu biyu. Ya buɗe murfin, ya daɗe yana kallon wani ɗan karce a ciki. Fumie ba ta taɓa lura da shi ba.

Ya sosa wuyan hannunsa, ya sake sosawa.

"Ita ce," in ji shi. "Aikin mutanen da, wa zai iya irinsa yau? Riƙe ɗakinki, ƙanwata."

Har ya tafi bai ƙara haɗa ido da ita ba.

Washegari ta kai wa Isokichi ƙunshin alewar wake, tana ta godiya. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai.

"Baba, karcen nan na cikin murfi, ai babu shi a hoto. Ya aka yi ka sani?"

Tsohon ya ci gaba da wasa wuƙarsa.

"Hannuna ne ke zamewa a wurin. Haka ya zame a wadda ta ƙone, da na sassaƙa ta lokacin da Tokuji yana saurayi ya sayar da ta kakanninsu ya sayi babur."